Baba Sannu da Makullin Ruwa

Akwai wani dattijo, tsohon mai gyaran famfo, a wata unguwa da aka gina a jikin tudu. Ku gyara zama ku karanta labarinsa har ƙarshe, musamman ku masu ganin adalci abu ne da ake yi da biro da rula.

Baba Sannu ake ce masa, don komai nasa a hankali yake. Idan yana tsallaka titi, sai mai mota ya kashe inji ya jira.

Unguwar tanki ɗaya gare ta, a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, a tsakiyar tudun. Rijiyar burtsatse ce ke cika shi. Da can kullum yake cika. Sai gidaje suka ƙaru, ruwan ƙasa ya ja baya, har ta kai sai inji ya yi kwana biyu yana nishi kafin tankin ya cika. Saboda haka ruwa sai bayan kwana bibbiyu, da safe.

Layi uku ne ke shan tankin: layin sama, layin tsakiya, da layin ƙasa. Kowane layi da bawul ɗinsa, wato abin buɗe ruwa da rufewa, a cikin rami mai murfin siminti, kuma ba ya buɗuwa sai da makulli, wani dogon ƙarfe mai hannu a gicciye. Shekara goma sha ɗaya makullin nan yana hannun Baba Sannu.

Ga yadda yake aikinsa.

Ranar ruwa, layin sama yake fara buɗewa, tun tankin yana cike taf. Kuma ba ya buɗewa lokaci guda. Sai ya murɗa kamar faɗin yatsa, ya tsaya, ya ɗora kunne a kan hannun makullin yana saurare kamar likita. Ya ƙara murɗawa kaɗan, ya sake tsayawa.

Ko ya gama buɗewa ba ya fara ƙirga lokaci. Zama yake yi a kan murfin simintin, ya ajiye tsohuwar wayarsa a gwiwa, yana jiran gidan ƙarshe na saman tudu su yi masa filashin, alamar ruwa ya iso famfonsu. Wani lokaci sai a yi minti arba'in. Daga wannan filashin ɗin ne awar mutanen sama take farawa.

A gidan ƙarshen nan wata mata ce mai ɗinki, kowa Tela yake kiranta. Mijinta direban babbar mota ne a da. Shekara uku ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya tashi, ba ya iya riƙe fitsari. Duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da nake nufi. Zanin gado biyu ko uku a rana. A gidan nan ruwa ya wuce na sha da girki, shi ne ke rufa wa mutum asiri.

Layin ƙasa kuwa, inda gidan Baba Sannu kansa yake, shi ne na ƙarshe, kuma minti arba'in kacal yake ba su.

To, ka san mutane.

A layin ƙasa akwai Mai Wanki, mutum mai baki kamar rediyon da maɓallin kashewarsa ya lalace. Bawul ɗin layin ƙasa daidai ƙofar shagonsa yake, don haka duk ranar ruwa sai ya tare Baba Sannu.

"Baba, an tashi lafiya? Sai yanzu aka tuna da mu? Mu da muke gida sittin minti arba'in, su gida goma sha huɗu awa ɗaya da minti arba'in! Ko dai su 'ya'yan gwamnati ne, mu 'ya'yan tsintuwa?"

Baba Sannu sai ya ce, "Durom ɗinka ya cika shekaranjiya ko bai cika ba?"

"Ba maganar cika nake yi ba, maganar haƙƙi nake yi!"

Da ya ga haƙƙin bai kama ba, sai ya canza waƙa. Ya fara raɗa wa masu kawo wanki cewa akwai dalilin da ya sa tsohon nan yake zaune yana jiran wayar Tela duk bayan kwana biyu. Mace da miji a kwance, ai ka gane.

Wallahi irin wannan bakin shi ne ke ƙona min rai. Mutum ya rasa hujja, sai ya koma yaga mutuncin matar da ba ta tsare masa komai ba.

Maganar ta zaga har ta iso kunnen matar Baba Sannu. Wata maƙwabciya ce ta kawo mata, tana jiran a yi wuta. Matar ta ajiye tsintsiya ta tuntsire da dariya.

"Wa? Baban yaran nan? Wannan da zai je neman mace, kafin ya gama sallama ta yi jikoki. Ni ma da ban taimaka masa da rabin maganar ba, da har yau yana ƙofar gidanmu."

Gulma ba ta ci shi ba. Takarda ce ta ci shi.

Baba Sannu yana da ɗan ƙanwa wanda shi ya riƙe bayan rasuwar uban, shi ya kai shi makaranta. Yanzu ya zama magidanci, yana aikin ofis, kuma aka zaɓe shi sakataren kwamitin ruwa. Ba mugu ba ne, kada wani ya ce na ce mugu ne. Cutarsa ɗaya: duk abin da bai shiga takarda ba, a wurinsa babu shi a duniya.

Sakatare ya kira taro a gindin tanki. Ya ɗaga wata takarda da ya ja mata layi uku, kai ɗaya, tsaf.

"Jama'a, abin mai sauƙi ne. Kowane layi awa ɗaya cif. A fara da inda mutane suka fi yawa, a ƙare da inda suka fi kaɗan. Babu son kai, babu sanayya. Agogo ba shi da ɗan uwa."

Aka tafa masa. Mai Wanki har da tsalle.

Baba Sannu ya miƙe a hankali, har wasu suka fara hamma.

"Ɗana, a ƙasa jarka tana cika kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinka. A sama kuwa sai ku gaisa, ka tambayi iyali, ku yi faɗa, ku shirya, ba ta kai rabi ba. Bututun sama iska ce a cikinsa, sai ruwa ya koro ta tukuna. Kuma tankin nan da kaɗan ya fi gidan ƙarshe tsawo. Idan ya sauka zuwa rabi, ruwan ba shi da ƙarfin hawa. Ni ruwa nake rabawa, ba minti ba."

Sakatare ya yi irin murmushin da ake yi wa tsoho idan ya fara labarin da.

"Kawu, da girmanka, wannan ba lissafi ba ne. Awa ɗaya awa ɗaya ce a ko'ina."

"A agogo, haka ne."

"To mu da agogo za mu yi aiki. Kuma gaskiya, Kawu, ka gaji. Ka huta mana."

Aka ce a ɗaga hannu. Gida sittin a ƙasa, arba'in a tsakiya, goma sha huɗu a sama. Ba sai na faɗa muku yadda aka tashi ba.

Ni da ni ne, da na jefa makullin a kwata na ce kowa ya sha agogo. Baba Sannu bai yi haka ba. Ya je gida ya goge makullin da tsumma, ya shafa masa mai, ya kawo wa ɗan ƙanwarsa da hannu biyu.

"Ga shi. Abu biyu kawai nake roƙonka. Ka fara da sama. In ba za ka fara da sama ba, to don Allah kada ka buɗe da ƙarfi, kada ka rufe da ƙarfi. Bututun nan ya girme ka."

"Na ji, Kawu," in ji Sakatare, idonsa a kan waya.

Ranar ruwa ta farko, layin ƙasa ya ga abin da bai taɓa gani ba. Awa guda cur, tanki cike, ruwa yana fita kamar zai fasa bokiti. Duroma suka cika cikin minti ashirin, aka rasa wurin zubawa. Masu babur suka fito da babura. Wata ta wanke dandamalin ƙofarta sau biyu. Ruwa ya bi titi yana tafiyarsa, mutane suna shi wa Sakatare albarka.

Layin tsakiya ya samu daidai gwargwado.

Da aka zo kan layin sama, tankin ya sauka ƙasa da rabi. Tela ta buɗe famfo, ta jera bokitai. Famfon ya yi huci, ya yi tari, ya tofo abin da bai cika kofi ba, ya yi shiru. Ta yi ta tsayuwa. Awa tana cika Sakatare ya rufe bawul, ya ɗauki hoton agogon wayarsa ya tura wa kwamiti, ya rubuta: "Kowa ya samu haƙƙinsa."

Mutanen sama suka sauko da ƙorafi. Ya nuna musu hoton.

"Ga shi nan. Awa ɗaya. Ko kuna so ku ce wayata ma tana ƙarya?"

Ran nan da hantsi aka ga Baba Sannu ya fito da baro, ya ɗora jarka huɗu na rabon gidansa. Matarsa ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ina za ka da ruwana?"

"Sama."

"An ƙwace maka makulli, an yi maka dariya, yanzu kuma za ka zama ɗan dako? Da wace gwiwar?"

"Mijin Tela yana kwance, uwar yara."

Ta harare shi, ta shiga ciki tana mita. Ta fito da jarka ta biyar ta dangwara a kan baron.

"Ka ce mata ta dawo min da jarkata, sabuwa ce."

Haka aka yi ranar ruwa ta biyu, aka yi ta uku. Baro ɗaya ba ya shayar da gida goma sha huɗu. Masu ƙarfi suna saukowa roƙo a gidajen ƙasa. Tela kuwa ba ta iya barin mijinta ya daɗe shi kaɗai, jarka biyar kuma ba ta isa sha da girki da wankan mara lafiya da wanki ba. Sai ta bar wankin.

Duk ranar ruwa Baba Sannu yana jin wani abu daga tsakar gidansa. Idan Sakatare ya rufe bawul, sai ƙasa ta amsa, dum, kamar an buga ƙofa daga ciki. Ya je ya same shi.

"Ɗana, ka ji wannan bugun? Ruwa mai gudu in ka tare shi lokaci guda, sai ya koma ya doki bututu. Ka yi a hankali."

"Kawu, ƙarfe takwas nake shiga ofis. Ba ni da lokacin lallashin ƙarfe."

Ranar ruwa ta huɗu, Tela da kanta ta sauko. Ta sami Sakatare a ƙofar shagon Mai Wanki, makulli a kan bawul, layin ƙasa yana ta kwarara. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sakatare, ina kwana. An ce ka ba ni awa ɗaya sau uku. Na gode. To ka faɗa min, a cikin wace awar zan jiƙa zanin gadon mijina? Ta farko ko ta biyu?"

Masu jiran wanki suka fashe da dariya. Sakatare ya ji kunya, kunyar ta zama fushi.

"Ruwa kike so ya hau sama ko? Bari in tura miki shi yanzu, ki gani da idonki!"

A tunaninsa in ya datse layin ƙasa lokaci guda, ruwan zai yi tsalle ya haye tudu. Ya kama hannun makullin da hannu biyu, ya fizga da duk ƙarfinsa.

Dum!

Wannan karon ƙasa ba ta tsaya a bugu ba. Taku uku sama da bawul ɗin titi ya tsage, ruwa ya yi sama fiye da tsayin mutum, haɗe da laka da tsakuwa. Babban bututun da ya sauko daga tanki ne ya fashe. Lakar ta nufi shagon Mai Wanki kai tsaye, ta sauka a kan fararen kayan mutane da ya goge ya jera a tebur.

Sakatare ya murɗa makulli dama, ya murɗa hagu. A banza. Fashewar tana sama da bawul ɗin, babu abin da zai tare ta daga nan. Ruwan kwana biyu na unguwa guda yana tafiya a titi.

"A rufe daga tanki!" wani ya yi ihu.

"A ina ake rufewa?" in ji Sakatare.

Mutum ɗari a wurin, da mai takarda da mai baki, babu wanda ya san inda babban bawul ɗin tanki yake.

Sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba a unguwar. Baba Sannu yana gudu.

Ya fito ba takalmi, ya fizge makullin daga hannun ɗan ƙanwarsa, ya kama hawan tudu. Mutum mai shekara sittin da 'yan kai. Ya faɗi sau ɗaya a kan gwiwa, ya tashi ya ci gaba. Jama'a suka bi shi a guje.

A bayan ƙafar tankin, ƙarƙashin ciyawa, ya ture wani faifan siminti. Ya saka makulli. Sai ya murɗa faɗin yatsa, ya tsaya.

"Baba, rufe mana!"

"Da ƙarfi, Baba! Ruwa yana ƙarewa!"

Bai ko ɗaga kai ba. Yana haki ya ce, "Shekara biyar ba a taɓa shi ba. In na matsa masa haƙorinsa ya cinye, sai mu tsaya muna kallo har tankin ya bushe."

Ya ƙara faɗin yatsa. Ya saurara. Ya ƙara. Mutane kamar su cinye yatsunsu. Can ƙarar ruwan ta fara raguwa, ta ragu, ta mutu.

Ya ƙwanƙwasa jikin tankin da makullin, daga sama zuwa ƙasa, yana jin amon.

"Kashi ɗaya cikin uku ya rage."

Nan fa jama'a suka juya kan Sakatare. Mutanen da suka shi masa albarka mako guda da ya wuce su ne suka fara naɗe hannun riga. Mai Wanki a gaba, laka har gira.

"Ku bar ni da shi! Kayan mutane! Rigar wani lauya ma tana ciki! Wa ya ba wannan makulli tun farko?"

Baba Sannu ya ɗingisa ya tsaya a gaban ɗan ƙanwarsa.

"Kai ka ba shi. Hannu biyu ka ɗaga ran nan, na gani. Duk wanda bai ɗaga hannu ba, ya zo ya dake shi."

Hannayen riga suka fara sauka.

Ya juya ga Sakatare, wanda yake tsaye jiƙe sharkaf, farar rigar ofis ta manne masa a jiki.

"Kira ofis ka ce ba za ka zo ba. Je gidana ka ce wa uwar yara ta ba ka diga da shebur da jakar kayan aikina."

Har rana ta take suna cikin rami. Sakatare yana haƙa, tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Baba Sannu yana zaune a bakin ramin, ƙafa a miƙe, yana nuna inda za a yanke, yadda za a goge bakin bututu, yadda za a shafa gam a haɗa sabon guntu. Ko sau ɗaya bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ni wannan ne ma ya fi ba ni mamaki, don ni da na faɗe ta sau goma kafin a kai rabin rami.

Da gyara ya kammala sai babbar magana ta taso. Ruwan da ya rage ba zai iya hawa sama ta bututu ba.

"To ai shi ke nan," in ji wani daga layin ƙasa. "Tunda nan kaɗai zai iya zuwa, a buɗe mana. Ba laifinmu ba ne da ruwa yake son gangare."

Kowa ya kalli Baba Sannu. Shi kuwa sai ya miƙa wa Sakatare makullin.

"Ba ni ne mai makulli ba. Ga wanda kuka zaɓa."

Sakatare ya karɓa. Ya rage murya.

"Kawu, me zan yi?"

"Kafin ka yanke, ɗauki jarka biyu daga gidana ka kai gidan ƙarshe. Da hannunka, ban da baro. Za mu jira ka."

Ya ɗauka. Ya huta sau shida kafin ya kai. Tela ta buɗe masa ƙofa, ta matsa gefe.

Ɗaki ɗaya ne da rumfa. Keken ɗinki a bakin taga, an rufe shi da zani. A kusurwa ga tulin zannuwan gado a cikin babban baho, an danne da buhu don kada wari ya cika ɗakin, amma ya cika. Mijin yana kwance a kan leda zalla, babu shimfiɗa, don shimfiɗar ta ƙare. A gefensa kofi ɗaya da ɗan tsumma. Da shi take goge masa jiki.

Mutumin ya juyo da ido ya ga baƙo. Ya sa hannunsa mai lafiya yana ƙoƙarin jan mayafi ya rufe ledar, don kada a gani. Hannun bai kai ba.

Sakatare ya ajiye jarkokin. Ya sunkuya ya ja masa mayafin. Ya juya ya fita.

Da ya sauko, bai nemi takarda ba. Ya hau kan murfin siminti.

"Famfo ɗaya za a buɗe, na ƙofar Mai Wanki. Gidajen sama goma sha huɗu su za a fara cika wa, jarka shida-shida, gidan ƙarshe goma. Kuma mu za mu kai musu, mu da muka wanke babura da ruwansu. Abin da ya rage a raba. Wanda bai yarda ba, ya hau ya leƙa ɗakin da na leƙa, ya dawo mu yi magana."

Babu wanda ya ce bai yarda ba.

Yinin ranar layi ne na mutane a jikin tudu, masu hawa da jarka, masu saukowa da wofi. Mai Wanki ma ya ɗauki biyu, yana tafe yana mita cewa bayansa ba na dako ba ne. Ya shiga gidan Tela yana mita. Ya fito shiru, bahon zannuwan nan a kansa.

Tela ta biyo shi. "Ina za ka kai min kaya?"

"Shago. Sana'ata ce." Ya ɗan tsaya, bai juyo ba. "Kuma akwai maganar da na yi a kanki wadda ba ta da tushe. Ki yafe min."

"Ka cire tabon tukuna, sai mu ga maganar yafiya."

Ya cire. Har guga ya yi musu.

Washegari kwamiti ya zo gidan Baba Sannu da makulli, don shi bai iya fita ba. Gwiwar da ya faɗi a kanta ta kumbura kamar ƙwallo. Shugaban kwamiti ya yi ta zagaye-zagaye da ban haƙuri, ya ce a mayar da makulli inda ya fito.

Baba Sannu ya girgiza kai.

"Laifina ma yana ciki. Shekara goma sha ɗaya na bar abin nan a kaina ni kaɗai. Da jiya na mutu a hanya fa? Makulli ya zauna a hannun Sakatare. Ya riga ya biya kuɗin makaranta da tafin hannunsa. Ya zo da birorsa, in faɗa masa inda kowane bawul yake da halin kowanne, ya rubuta, a manna a jikin tanki kowa ya gani."

Sakatare ya durƙusa a gefen katifar.

"Kawu, na raina ka a gaban mutane."

"Ka raina. Buɗe littafin. Rubuta: na ɗaya, layin sama."

Mako uku Baba Sannu ya yi a kwance. A ranar ruwa ta farko bayan gyaran, Sakatare ya fara da sama, ya makara ofis da minti hamsin, ruwa kuma ya isa gidan ƙarshe.

Da hantsi matar Baba Sannu ta ji sallama. Ta leƙa, sai ga matan layin sama a jere, kowace da bokiti a ka. Su da suka fi kowa ƙarancin ruwa, kowane gida ya ɗebi bokiti ɗaya daga rabonsa ya sauko da shi. Tela ce a gaba.

"Na Baba ne. A dafa a gasa masa gwiwa."

"Haba, ku da ba ku da shi? Ku mayar, don Allah!"

"Mun sauko da shi, Inna. Hawa da shi kuma sai dai ke."

Suka juye ɗaya bayan ɗaya. Durom ya cika, baho ya cika, har tukwane aka fito da su. Haka suka yi ta yi duk ranar ruwa har ya miƙe da ƙafarsa.

Ran farkon nan, bayan sun tafi, matar ta shiga ɗaki tana goge ido da bakin zani.

"Shekara goma sha ɗaya ina auren mai makullin ruwa, ban taɓa ganin durom ɗina ya cika har yana zuba ba sai yau da ba ka da makullin."

Baba Sannu ya ɗago kai daga matashi da sauri.

"Yana zuba? Kike tsaye kina ba ni labari? Je ki tara bokiti!"

Darasi: Raba daidai daban, adalci daban. In abu ya yi kaɗan, ruwa ne ko wani abin, kada ka tambayi na kusa da tanki ko an yi adalci, je ka tambayi gidan ƙarshe. Kai mai ilimin takarda, kafin ka gyara aikin wanda ya daɗe yana yi, tambaye shi dalilinsa, ka hau tudun da ƙafarka. Kai kuma da aka raina ka alhali kana kan gaskiya, kada ka bar marasa ƙarfi su biya kuɗin fushinka. Ku tura wannan ga duk wanda ke riƙe da makullin wani abu na jama'a, da duk wanda ke barin famfo yana zuba alhali maƙwabcinsa yana goge mara lafiya da kofi ɗaya.